Tarihin Magabata: Malam Sa'adu Zungur da Batun Tsarin Mulki

 Ya ku ƙannena ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, a wannan fitowa filinmu na tarihin magabata zai leƙa Bauchin Yakubu ne, mu ɗauko rayuwar wani malami wanda ya taɓa zama a nan ƙasarmu ta Zazzau, wato Malam Ahmad Mahmud Sa'adu Zungur, Allah Ya jiƙansa. Manyan cikinku da suka kai sakandare wataƙila sun gamu da sunansa a darasin Hausa, domin yana cikin mashahuran marubuta waƙa na ƙarnin da ya wuce. To amma waƙar hanya ce ya ɗauka don isar da saƙo. Abin da ya ci masa ƙuruciya da lafiya wata tambaya ce guda: ranar da Turawa suka naɗe tabarmarsu suka tafi, da wane irin tsari za a mulki mutanen Arewa?

An haifi Malam Sa'adu a birnin Bauchi a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba da daɗewa ba bayan Gwamna Lugga ya haɗe Arewa da Kudu a 1914 ya mai da su ƙasa ɗaya. Gidansu gidan malamai ne, mahaifinsa limami ne a Bauchi, sunan Zungur kuwa na wani gari ne a ƙasar ta Bauchi wanda ake danganta gidansu da shi. Saboda haka da allo ya buɗe ido. Ya yi karatun Alƙur'ani, ya shiga karatun zaure irin wanda kuka sani, fiƙihu da nahawu da lugga, har Larabci ya zauna masa a baki da alƙalami. Ku riƙe wannan da kyau, domin duk gwagwarmayar da ya yi daga baya da wannan ilmi ya yi ta. Idan zai ƙalubalanci alƙali ko basarake, daga cikin littattafan da su ma suke girmamawa yake ɗauko hujjarsa, shi ya sa ba a iya kore shi da cewa ai ɗan boko ne wanda bai san addini ba.

An sa shi makarantar boko a Bauchi, daga nan ya wuce Kwalejin Katsina, makarantar da ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello, wadda daga baya aka mayar da ita Kaduna, sannan Zariya, ita ce Kwalejin Barewa ta yau. A 1934 ya tafi Babbar Kwalejin Yaba da ke Ikko, wato Legas, kuma shi ne ɗan Arewa na farko da ya shiga wannan makaranta. Bai daɗe a can ba ya dawo, ya shiga makarantar koyon aikin duba-gari a Kano, inda bayan ɗan lokaci ɗalibi ya zama malami. Wajen 1940 aiki ya kawo shi Zariya yana koyar da ma'aikatan kiwon lafiya.

Zariya ta wannan lokaci fa ba ƙaramin wuri ba ne ga mai son karatu da musayar ra'ayi. Sarkin Zazzau Ja'afaru ne a kan gado. A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a garin, Malam Abubakar Imam yana editanta, ga labarin yaƙin Hitila yana shigowa kullum, mutane sun fara jin sunayen ƙasashen da ba su taɓa ji ba. Malam Sa'adu ya haɗa kan matasan ma'aikata suna zama suna tattauna halin ƙasa, abin da hukuma ba ta cika so ba. A nan ne kuma ya gamu da wani saurayi ɗan Kano, ɗalibin Kwalejin Kaduna da ya zo gwajin koyarwa, mai suna Aminu. Wannan saurayi shi ne duniya ta sani daga baya da Malam Aminu Kano, kuma har ya bar duniya a 1983 yana ɗaukar Malam Sa'adu a matsayin malaminsa a siyasa. A Zariya ɗin dai ciwon huhu ya kama Malam Sa'adu, ciwon da bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa, dole ya ajiye aiki ya koma gida Bauchi.

Ikon Allah, sai ga shi an tura Malam Aminu koyarwa Makarantar Midil ta Bauchi a 1942, inda Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa yake. A 1943 aka buɗe wata majalisar tattaunawa a garin da yardar Turawan mulki, malaman makaranta da ma'aikatan En'e da manyan gari suna halarta, a zamanin Sarkin Bauchi Yakubu na Uku. Ga yaran da ba su san En'e ba, ita ce hukumar gargajiya wadda Turawa suka mulki Arewa ta hannunta. Sarki ne kanta, a ƙarƙashinsa akwai hakimai da dagatai da masu unguwanni, ga kotunan alƙalai, ga 'yan doka, ga gidan yari, ga baitulmali inda haraji da jangali suke shiga. A bisa dokar wancan lokaci babban sarki shi kaɗai ne hukuma, ba dole ne ya bi shawarar majalisarsa ba, wanda yake sama da shi kawai shi ne Razdan. Talaka ba shi da wata ƙofa da zai bi ya ce a yi masa bayanin yadda aka kashe harajinsa. To a wannan majalisa ta Bauchi aka fara yin irin waɗannan tambayoyi a bainar jama'a. Aka yi muhawara a kan shi kansa tsarin mulki ta hannun sarakuna, Malam Sa'adu da Malam Aminu suna suka da zafi, Malam Abubakar yana bin abin a hankali kamar yadda halinsa yake. Da magana ta kai ga albashin sarakuna, sai hukuma ta ga abin ya wuce taɗi, majalisar ba ta ƙara yin nisa ba. Su kuwa suka kafa tasu ƙungiyar ta neman ci gaban Bauchi, wadda ake lissafa ta cikin ƙungiyoyin siyasa na farko a Arewa.

Yana kwance yana tashi, amma alƙalaminsa bai huta ba. Ya yi waƙar Maraba da Soja don tarbar sojojinmu da suka dawo daga yaƙi, ya yi Waƙar Bidi'a, yana kuma aika rubutu jaridar West African Pilot ta Dokta Nnamdi Azikiwe. A 1948 ya koma Ikko ya zama sakataren jam'iyyar NCNC na ƙasa baki ɗaya. Ku duba wannan al'amari: ɗan limamin Bauchi, mai rawani da carbi, shi ne riƙe da ofishin babbar jam'iyyar neman 'yanci ta wancan zamani, wadda yawancin mutanenta 'yan Kudu ne. Da aka yi taron kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a Kaduna a 1949, tun tana ƙungiyar al'adu a ƙarƙashin Dokta Dikko mutumin Zariya, an sa Malam Sa'adu mai ba da shawara a kan shari'ar Musulunci. Wato ya ga siyasar ɓangarorin biyu da idonsa, gani kuwa ya kori ji.

A cikin waɗannan shekaru ne ya rubuta waƙarsa da ta fi shahara, mai suna Arewa Jumhuriya ko Mulukiya. Ku ɗaliban Larabci kun riga kun gane kalmomin. Jumhuriyya daga jumhur take, wato taron jama'a, ana nufin ƙasar da ba ta da sarki mai gado, shugabanta zaɓensa ake yi. Mulukiyya kuwa daga malik take, ƙasar da sarki yake kanta. Akwai kalma ta uku da ake yawan cakuɗa ta da ta farko, ita ce dimokuraɗiyya. Wannan asalinta Girkanci ne, ma'anarta mulkin jama'a, kuma a birnin Atina aka yi ta fiye da shekara 2,400 da suka wuce, inda maza 'yan gari suke taruwa a fili su yanke shawara da kansu, ban da mata da bayi da baƙi. Kada ku ɗauka jumhuriya da dimokuraɗiyya abu ɗaya ne. Akwai jumhuriyar da mutum ɗaya yake taka kowa ba mai cewa uffan, akwai kuma ƙasar da take da sarki amma ƙuri'ar talaka ce take naɗa gwamnati ta kuma sauke ta. Wannan bambanci shi ne ƙashin bayan tunanin Malam Sa'adu.

Bari mu duba duniyar da yake kallo a lokacin. Ga Ingila, uwargijiyarmu a wancan zamani. Tana da sarki, ana yi masa ɗa'a, hotonsa yana kan kuɗi, amma ba shi ke yanka haraji ba, ba shi ke yin doka ba. Wannan aikin majalisa ne, kuma shugaban jam'iyyar da ta fi rinjaye a majalisa shi ne firayim minista. Turawan Ingila ba a dare ɗaya suka kai nan ba. A 1649 sun taɓa fille kan sarkinsu, suka zauna shekara 11 ba sarki, abin bai yi musu daɗi ba, suka dawo da sarauta a 1660, sannan suka riƙa rage mata iko kaɗan-kaɗan. Sai a 1928 matansu suka samu cikakken 'yancin ƙuri'a daidai da maza. Wani abin da ya ba mutane mamaki a zamanin Malam Sa'adu shi ne zaɓen watan Yuli na 1945. Churchill, wanda ya ja ragamar Ingila har aka ci Jamus da yaƙi, makonni kaɗan bayan nasara talakawa suka kayar da jam'iyyarsa, ya tattara kayansa ya ba Attlee wuri, ba a harba ko bindigar toka ba. Sarki kuwa yana nan a fadarsa.

Ga Amurka kuma, ba sarki ba basarake. Shugaba ne ake zaɓa duk shekara 4, majalisa daban, kotu daban, kowace tana taka wa 'yar'uwarta birki, jihohi kuma kowace da dokokinta. Har a can ma ba kai tsaye jama'a suke zaɓen shugaba ba, kowace jiha wakilai take bayarwa, shi ya sa a 2000 da 2016 wanda bai kai abokin takararsa yawan ƙuri'u ba shi ya hau. Kuma duk tsawon rayuwar Malam Sa'adu baƙaƙen fata da yawa a kudancin Amurka ba sa iya jefa ƙuri'a, sai a 1965 aka yi dokar da ta share musu hanya. Kun ga ke nan, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Amma ƙasar da ta fi kama da tamu a lokacin ita ce Indiya. Su ma Ingilishi ne suka mulke su, kuma a wani babban yanki ta hannun sarakuna, sama da 500, Musulmi da Hindu. Indiya ta samu 'yanci a watan Agusta na 1947, aka raba ta da Pakistan cikin zubar da jini mai yawa. Cikin ɗan lokaci aka haɗiye masarautun nan kusan duka. Nizam na Haidarabad, Musulmi, wanda ake lissafa shi cikin mafiya dukiya a duniya, ya so ya tsaya da ƙafarsa, a watan Satumba na 1948 soja suka shiga ƙasarsa, cikin 'yan kwanaki magana ta ƙare. A 26 ga Janairu 1950 Indiya ta zama jumhuriya. A zaɓenta na farko, 1951 zuwa 1952, an ba kowane baligi ƙuri'a, mace da namiji, mai karatu da marar karatu, aka yi wa jam'iyyu alamomi don wanda bai iya karatu ba ya gane tasa. Ɗan kuɗin da aka yanka wa sarakunan suna karɓa, shi ma an soke shi a 1971. Hausawa dai sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

To mene ne matsayin Malam Sa'adu? A nan ne mutane da yawa suke mamaki. Mutumin da ya fi kowa sukar En'e, da aka zo zaɓi tsakanin biyun, bai ce a rushe sarauta ba. Ya karkata ga mulukiya ne, amma irin wadda aka ɗaure da doka da shawara, kusa da abin da ake yi a Ingila. Ya ja kunnen sarakuna cewa su gyara da kansu tun kafin a zo a gyara su: su tsai da adalci, su buɗe ƙofar ilmi, su rage fankama, su saurari jama'a. Ma'aunin da ya auna su da shi ba daga Landan ya ɗauko shi ba. Ya tuna musu ne cewa gadon da suke kai Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da jama'arsa suka kafa shi, kuma don kawar da zalunci suka kafa shi. Wanda ya karanta Liya'ul Hukkami, littafin da Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta wa mutanen Kano a kan yadda ake riƙon jama'a, zai ga inda Malam Sa'adu ya sha ruwa. Ku da kuka karanta tarihin Halifofi huɗu kun san ba hanya ɗaya aka bi wajen tsai da su ba: Sayyidina Abubakar an yi masa mubaya'a bayan shawarar Saƙifa, Sayyidina Umar wasiyya aka yi da shi, Sayyidina Usman mutum 6 aka wakilta su fitar da ɗaya daga cikinsu, Sayyidina Ali kuma mutanen Madina suka yi masa mubaya'a, Allah Ya yarda da su duka. Malamin da ya san wannan ba zai yi mamakin ganin ƙasashe sun bambanta a hanyar tsai da shugaba ba. Abin da zai sa wa ido shi ne ko akwai shawara, ko kuma akwai mai iya ce wa shugaba ya yi kuskure.

Akwai kuma tsoro a cikin matsayin nasa, kada mu ɓoye. Zamansa a Ikko ya nuna masa irin nisan da Kudu ta yi wa Arewa a ilmin boko, shi kansa shaida ne tun daga Yaba, ya kuma ga yadda wasu 'yan siyasar can suke kallon mutanen Arewa. Ya ji tsoron idan aka share sarauta a wannan hali aka ce jumhuriya, to ofisoshi da kotuna da jaridu duk za su koma hannun waɗanda suka riga mu karatu, Arewa ta fita daga hannun Bature ta faɗa hannun wani. Ba shi kaɗai ke da wannan tsoro ba. A babban taron tsarin mulki da aka yi a Ibadan a watan Janairu na 1950, Sarkin Zazzau Ja'afaru, da goyon bayan Sarkin Katsina, ya nuna cewa in ba a ba Arewa rabin kujerun majalisar tsakiya ba, to gara a koma yadda ake kafin 1914. Aka kuwa ba ta, kujeru 68 cikin 136. A ganina, Malam Sa'adu ya yi daidai da ya ƙi yarda a ɗauko tsarin wata ƙasa a jibga mana yadda yake, domin zanen aro ba ya rufe katara. Inda lissafinsa ya yi rauni shi ne zaton masu iko za su rage wa kansu iko saboda an yi musu nasiha. A Ingilar ma da yake misali da ita, sai da aka yi yaƙi.

Matasan da suka taso a bayansa ba duka suka yarda da shi ba. A 8 ga Agusta 1950 wasu mutum 8 suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, mai kiran sawaba ga talakawa, Malam Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa a Maru ya shige ta, ya zama shugabanta a 1953. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Malam Mudi Sipikin, ya mayar wa Malam Sa'adu martani da tasa waƙar mai suna Arewa Jumhuriya Kawai. Sunan kaɗai ya isa ya gaya muku inda ya dosa. Abin sha'awa a nan, yara, shi ne wannan saɓani bai raba su ba. Malam Sa'adu ya bar Ikko ya dawo Bauchi, kuma da 'yan NEPU ɗin ya ƙarasa rayuwarsa, yana taimakonsu da shawara da rubutu.

Abin da ya faru a zaɓen 1951 ya isa ya sa mai irin ra'ayinsa ya ƙara matsawa wajen 'yan sawaba. A ƙarƙashin tsarin mulkin Gwamna Macpherson an ce za a yi zaɓe a Arewa, amma hawa-hawa ne kamar tsani. Masu biyan haraji a ƙauye ko unguwa su fitar da wakilai a fili, ba a asirce ba, waɗannan su je gunduma su fitar da wasu, a haka har a kai matakin lardi, inda 'yan kaɗan da suka rage za su zaɓi 'yan majalisar Kaduna. A wannan mataki na ƙarshe kuma an ba En'e dama ta ƙara nata mutane, kashi 10 cikin 100, waɗanda ba su bi ta tsanin ba. 'Yan NEPU sun yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma da aka kai sama ko kujera ɗaya ba su samu ba. Wannan ma zaɓe ake ce masa, na Indiya da aka fara a shekarar ma zaɓe ake ce masa. Mata kuwa a Arewa ba a ma sa su a lissafi ba. Hajiya Gambo Sawaba ta nan Zariya ta sha ɗauri da duka a kan wannan magana. Ko a zaɓen tarayya na 1959, da aka jefa ƙuri'a kai tsaye a asirce, maza kaɗai suka yi a Arewa, alhali matan Kudu sun yi. Sai a 1976 aka buɗe wa iyayenmu mata ƙofa, suka yi zaɓen shugaban ƙasa na farko a 1979. Kada ku ce mu kaɗai muka makara: ƙasar Suwizalan, wadda jama'arta suke jefa ƙuri'a a kan dokoki da kansu sau da yawa a shekara, sai a 1971 matanta suka samu ƙuri'a a zaɓen tarayya.

Gyaran da ya nema ya ɗan fara tun yana raye. A watan Agusta na 1950 tsohon abokin muhawararsa, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a sake duba tsarin En'e, kuma a shekarun da suka biyo baya aka ɗaure sarakuna da yin aiki tare da majalisunsu, aka fara sa zaɓaɓɓun wakilai a wasu majalisun. Ga mai ciwo irin nasa, tafiyar ta yi jinkiri ƙwarai. Yana kwance a Bauchi labarai suna iso masa. A Masar soja sun kori Sarki Faruƙu a 1952, ƙasar ta zama jumhuriya a 1953, amma tun kafin nan an haramta jam'iyyu. A 1957 Malam Abubakar ya zama firayim ministan Nijeriya. A ƙarshen watan Agusta na wannan shekara kuma ƙasar Malaya, wadda ta zama Maleshiya, ta samu 'yanci da wani tsari wanda in kun tambaye ni shi ya fi kusa da abin da Malam Sa'adu ya yi fata. Suna da sarakunan gado 9, su ne suke zaɓen ɗaya daga cikinsu ya zama sarkin ƙasa na shekara 5, sannan wani ya karɓa, gwamnati kuwa tana hannun majalisar da jama'a suka zaɓa. Har yau a kan wannan tsari suke.

Allah Ya yi wa Malam Sa'adu Zungur rasuwa a Bauchi ranar 28 ga Janairu 1958, bai cika shekara 45 ba. Bai ga mulkin kai na Jihar Arewa a 1959 ba, bai ga saukar da tutar Ingila a 1960 ba.

Amsar da tarihi ya ba tambayarsa ta zo a karkace. Da farko an bi tsarin Ingila: firayim minista a Ikko, firimiya a Kaduna, ga Majalisar Sarakuna a gefen majalisar wakilai. A 1 ga Oktoba 1963 Nijeriya ta zama jumhuriya, Dokta Azikiwe ya zama shugaban ƙasa. A wannan shekarar ce gwamnatin Arewa ta sa Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya yi murabus ya koma Azare, kowa ya gane inda iko ya koma. Soja suka karɓe mulki a 1966, a hankali aka cire kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rufe babin En'e. Ƙananan hukumominmu na Ikara da Makarfi da Kudan, da ciyamomi da kansilolinsu, duk 'ya'yan wannan gyara ne. A 1979 aka ajiye tsarin Ingila aka ɗauko na Amurka, mai shugaban ƙasa da gwamnoni. A nan jihar Kaduna muka fara ɗanɗana yadda yake aiki: Alhaji Balarabe Musa na PRP, jam'iyyar Malam Aminu, ya ci gwamna ya soke haraji da jangali, amma majalisar jiha tana hannun NPN, ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, ta kuma tsige shi a watan Yuni na 1981. A tsarin Ingila irin wannan ba ya faruwa, tunda daga cikin masu rinjaye a majalisa shugaban gwamnati yake fitowa. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa, Hausawa 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, hanyar Faransa suka gada, suka zama jumhuriya tun 18 ga Disamba 1958, su ma suna ta faɗi-tashi tsakanin farar hula da soja.

Sarauta dai ba ta mutu ba kamar yadda wasu suka so, ba ta kuma zama abin da Malam Sa'adu ya so ba. Tsarin mulkin 1999 bai yanka wa sarakuna wani aiki ba, amma har yau in rikici ya tashi ko za a yi rigakafi, ƙofar hakimi da dagaci ake fara bugawa. A Zazzau gidajen sarauta 4 ne, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, masu zaɓen sarki su ba da sunaye, gwamnan da talakawa suka zaɓa shi ke da magana ta ƙarshe. Haka aka yi a 2020 bayan rasuwar Sarki Shehu Idris, aka naɗa Malam Ahmad Nuhu Bamalli daga gidan Mallawa.

Waƙoƙin Malam Sa'adu, Malam Ɗandatti Abdulƙadir ya tattara su da tarihinsa, aka buga a Zariya a 1974. A gidan Mambayya da ke Kano, tsohon gidan almajirinsa Malam Aminu, babban ɗakin taro sunansa yake ɗauke da shi, haka kuma jami'ar jihar Bauchi da ke Gaɗau. Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, da na sauran magabatanmu baki ɗaya.